Sayar da zane ta salula a Damagaram: tambayoyin da sababbin masu zane ke yi mini

Tun da na fara ɗora ayyukana a sitatus na WhatsApp, ba a kwana biyu wani ƙane ko wata ƙanwa ba su turo mini tambaya ba. Wasu ɗaliban Jami'ar André Salifou ne, wasu yaran shagunan buga takardu ne na wajen kasuwar Dole, wasu kuma matan aure ne da ke zane a salula bayan sun sauke tukunya. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, ni kuma bakina ya gaji da saƙon murya. Shi ya sa na tara su a nan yadda aka yi mini su.

Yaya, wai mene ne kayan dijital ɗin nan? Ba zanen da muka sani ba ne?

Zanen ne, hanyar cin abincin ce ta bambanta. Idan Alhaji ya kira ka ya ce ka zana masa allon shagonsa, wannan aikin oda ne: ka yi, ya biya, gobe ka jira wani Alhajin. Kayan dijital kuwa abu ne da ka zauna ka yi sau ɗaya ba wanda ya sa ka, ka ajiye a fayil, kana sayar wa mutum goma, mutum hamsin, bai ragu ba. Samfurin katin ɗaurin aure da za a canza suna da rana kawai, takardar farashi ta teloli, tambarin da ake mannawa a ledar kilishi, samfurin CV, littafin koyon baƙaƙe na yara a PDF, sitikar WhatsApp ta Hausa, duk suna ciki. Mai kilishi in tirensa ya ƙare sai ya sake yanka. Kai naka tiren ba ya ƙarewa. Sai dai shi ma wanda ya saya nasa ba ya ƙarewa, yana iya raba wa gari. Za mu zo wurin.

Ba ni da kwamfuta, salula ce kawai. Zan iya?

Za ka iya, da ita na fara. Manhajar zane ta PixelLab tana aiki ko babu rezo, Canva kuwa sai da intanet, kuma yana shan forfe, wato data, in kana loda hotuna da yawa. Duk abin da za a kalla a waya, kamar gaisuwar Sallah, tallan kaya da sitika, salula ta ishe shi. Inda take gajiya shi ne littafi mai shafuka da yawa da zanen da za a buga babba.

Ranar da Allah ya hore maka kwamfuta, ko ta hannu ce, kada ka ruga neman Photoshop na sata a kile, wato ɗan ma'ajin USB. Na taɓa karɓar irinsa, ya zo mini da ƙwayar cutar da ta cinye aikin wata biyu. Inkscape da GIMP kyauta ne halak malak, Photopea kuma a intanet ake buɗe shi ba sai an saka komai ba. Sannan ka saba da adana aiki kowane ƴan mintuna, ka ajiye kwafi a Google Drive ko kile na biyu. Wanda ya yi watan Afrilu da Mayu a garin nan ya san yadda kuran, wato wutar lantarki, ke ɗaukewa, ya san yadda waya ke zafi har ta kashe kanta ana tsakiyar aiki.

To me zan fara yi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi, kuma a nan yawancinmu muke ɓata. Yaro zai kalli bidiyon wata Baturiya da ke sayar da takardar tsara ayyukan mako, ya kwana uku yana kwaikwayonta, ya ɗora, shiru. Wa zai saya? Mutumin da ya san Alhamis ranar kasuwa ce, Juma'a ranar masallaci, ba ya neman takarda mai furanni ta tuna masa.

Ajiye wayar ka fita. Shiga Dole ka zaga, ka bi ta Zango, ka leƙa Sabon Gari. Duba abin da mutane suka rubuta da hannu a kwali suka rataya: farashin ɗinki, jerin abinci, "ana sayar da ƙanƙara". Duba mai turaren wuta da ke zuba kaya mai kyau a kwalba babu ko suna. Duba uwar adashi da kayenta da ya yage, ta ja layuka da biro. Kowane ɗaya a cikinsu yana buƙatar abin da kake iya yi, bai dai san sunansa ba. Kafin ka buɗe Canva ka tabbata akwai mutum uku da ka sani da ido waɗanda za ka ce: wane zai biya wannan. In ba ka iya kiran sunayensu a ranka, kada ka fara.

Sannan ka bi kalandar gari. Kafin azumi ana ɗaura aure da yawa. Cikin azumi ana neman jadawalin sahur da buɗa-baki da tallan teloli. Sai gaisuwar ƙaramar Sallah da babba, Maulidi, walimar sauka, komawa lakwal a watan Oktoba, takardun bita na masu BEPC da BAC. Kaya su kasance a shirye mako uku kafin lokacin. Wanda ya fito da gaisuwar Sallah ranar jajibere ya yi wa kansa ne.

Wani abu kuma: kundin sake gina ƙasa da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. A ganina duk wanda ya iya tsara takarda da Hausa mai tsabta yana da aiki a gabansa. Kuma nan ne ɗan Damagaram ya fi mai zanen da ke Turai ko Indiya. Shi ya fi ka kayan aiki, amma bai san bambancin suna da walima ba, bai taɓa tsayawa gaban zayyanar gidajen Birni ba, bai san launukan da dukawanmu ke haɗawa a fata ba. Da ɗan gari akan ci gari.

Me ya sa ƙ da ɗ suke komawa akwati in na canza salon rubutu?

Saboda yawancin salon haruffan ado an yi su ne don Turanci da Faransanci, babu ɓ, ɗ, ƙ, ƴ a cikinsu. In manhaja ta nemi harafin ba ta samu ba, ko ta sa akwati, ko ta aro shi daga wani salon ya fito kamar bare a cikin dangi. Abin da yara ke yi sai su cire lanƙwasar su huta. Kada ka yi. Na ga katin biki da aka buga ɗari uku, a ƙasa an rubuta "manyan baki", a gefe kuma "kanwar ango". Baƙi sun koma baki, ƙanwa ta koma kanwar miya. An yi dariya a wurin ɗaurin auren, mai zanen kuwa ba a sake kiransa a gidan ba.

Maganin ba wuya. Saka Hausa a allon rubutu na Gboard, haruffan za su fito. Kafin ka ƙaunaci wani salon harafi, gwada shi da jimla ɗaya: "Ƴan ƙauye sun ɓoye ɗan Ɓaleri", manya da ƙanana. Wanda ya faɗi jarrabawa ka bar shi komai kyansa. Noto Sans, Noto Serif, Andika, Charis SIL da Gentium duk suna ɗauke da haruffanmu, suna Google Fonts, kuma lasisinsu ya yarda a yi sana'a da su. Andika don masu koyon karatu aka yi shi, ya dace da littafin yara.

Mu nan Nijar ƴ muke rubutawa, Najeriya kuma 'y. In kana son sayarwa Kano da Daura, yi kwafi biyu, aikin minti biyar ne.

Ga masu son ajami, akwai salon Alkalami wanda aka zana daga rubutun hannu irin na allunanmu, akwai kuma Harmattan. Sai dai wasu manhajoji suna rarraba haruffan Larabci ko su juya su baibai. Duk abin da ke da aya ko addu'a, kai wa malami ya duba kafin ka sayar. Ni dai na daina sa aya a katin gayyata, don na ga inda katunan ke ƙarewa bayan biki.

A waya launin ya yi kyau, da aka buga ya dushe. Laifin wa?

Galibi ba laifin mai injin ba ne. Fuskar waya da haske take haɗa launi, shi ake kira RGB. Injin bugu da tawada huɗu yake haɗawa, CMYK. Akwai kore da shuɗi masu ƙyalli da tawada ba ta iya kaiwa gare su ko kusa. Abin da za a buga a yi shi a 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci: katin A6, wato milimita 105 da 148, yana son fiksel 1240 da 1748. Ka bar rarar milimita 3 a kowane gefe saboda wuƙar yanka, kada kuma rubutu ya matso baki. Na sitatus kuwa 1080 da 1920 ya isa.

Ka fitar da aikin a PDF don haruffa su tafi tare da shi. In za ka tura ta WhatsApp, bi ta wurin tura takarda, kada ka tura shi a hoto, don matse shi yake yi ya rage masa kyau. Kuma kafin ka sa wa kowane samfuri kuɗi, hau kabukabu ka je ka buga ɗaya da kuɗinka, ka riƙe a hannu, ka kalla a rana. Sefa 200 ko 300 da za ka kashe ta fi jin kunya arha.

Zan iya ɗauko samfurin Canva in canza launi in sayar?

A'a. Dokarsu ta hana sayar da samfurinsu ko hotonsu yadda yake, sai ka haɗa naka aikin na gaske. Ka lura da abubuwan da ke da alamar kambi: na masu biyan Pro ne, in ka sa su a samfuri mai saye kuma ba ya biya, zai tarar da zane-zane a kan hoton ana neman kuɗi, kai zai zaga. In kana sayar da samfurin Canva, linkin samfuri ake turawa, wanda ke buɗe wa mai saye kwafin kansa. Kada ka yi kuskuren tura linkin gyara. Na taɓa yi, washegari na tarar da sunan amaryar wani a kan asalin aikina.

Hoton da ka gani a Google ko Pinterest yana da mai shi. Hoton amarya ko na yaron mutane kuma ba a talla da shi sai an tambaya, ko da kai ka yi musu katin. Tambarin kamfani ka zana shi da kanka, domin wanda aka haɗa da hotunan ɗakin ajiyar Canva ba a iya yi masa rajistar mallaka. Rajistar tambari a wurinmu ta OAPI ake bi, hukumar kare mallakar fasaha ta Afirka da ke Yawunde, kuma rajista ɗaya tana aiki a ƙasashe 17 har da Nijar. Haƙƙin mawallafi kuwa hukumar BNDA ta Nijar ke kula da shi.

Nawa zan sa kuɗi?

Ba ni da farashin da zan yanke wa kowa, amma ga yadda nake lissafi. Tarin katunan aure guda biyar ya ci mini kwana biyu da forfe. In oda ce, a mutum ɗaya zan nemi ladan kwana biyun. Tunda samfuri ne, sai in tambayi kaina mutum nawa nake da yaƙinin za su saya cikin wata uku. In goma ne, na sa sefa 1,500, ya zama 15,000. In lissafin bai biya wahalar ba ko da mutum goman, aikin ne bai cancanci a yi ba.

Ka yi farashi biyu: fayil kawai, da fayil tare da cikawa. Za ka sha mamaki, mafi yawan mutanenmu na biyun suke so. Hajiya ba ta da lokacin koyon Canva, so take ta faɗi sunan ango da amarya a saƙon murya ta ga kati. Cika suna minti goma ne, kuma a nan ribar take. Ka faɗa tun farko cewa gyara sau biyu ne, na uku da kuɗi, in ba haka ba sai an canza maka sunan waliyyi sau bakwai.

Rubuta farashi da lamba, ka sa sefa a gaba. Mu da dala muke ƙirga: in ka ce "ɗari biyar", wani zai ji sefa 500, wani ya ji dala ɗari biyar, wato jika biyu da rabi, mutumin Kano kuma ya ji naira. Kada kuma ka karya farashi don ka fi kowa arha. Araha ba ta ado, kuma ranar da ka so ɗagawa ba mai yarda.

Ta ina kuɗin zai shigo?

Ta inda mutane suka saba: Airtel Money, Moov Money, Zamani Cash, ko Nita da Amana. Ka buɗe aƙalla biyu, don kada mai saye ya ce ba shi da irin taka. Ƙa'ida ɗaya ce ba na sassautawa: kuɗi su shigo, sannan fayil ya fita. Kafin nan abin da zai gani ƙaramin hoto ne da sunana kwance a kansa dishi-dishi. Kuma hoton resi ba kuɗi ba ne. Mu masu zane mun fi kowa sanin yadda ake gyara lamba a hoto. Buɗe asusunka ka gani da idonka.

Masu saye daga Najeriya, ka ba su farashi da sefa, a juya da canjin ranar, domin naira ba ta zama wuri ɗaya. In kuma ƙungiya ko ma'aikata ce za ta sayi aikinka, za su nemi faktir, wato takardar ciniki, mai lambar haraji ta NIF, to ka fara tunanin rajista in ka ga abin yana girma.

An ce ana samun daloli a kasuwannin intanet na Etsy da Gumroad. Gaskiya ne?

Akwai masu samu. Amma wanda ya ba ka labarin bai gaya maka sauran ba. Etsy tana karɓar santi 20 na dalar Amurka a kan kowane kaya da ka jera, da kashi 6.5 cikin ɗari na ciniki, kuma sabon shago sai da tsarin biyansu, wanda Nijar ba ta cikin ƙasashensa. Gumroad tana cire kashi 10 cikin ɗari da ɗan ƙari. Selar ta Najeriya ta fi kusa da mu, an gina ta ne don masu sayar da irin waɗannan kaya a Afirka. Ko wacce ce, kafin ka zana ko layi ɗaya, shiga shafinsu na biyan kuɗi ka ga ko akwai hanyar da kuɗin zai iso hannunka a Zinder. Kada ka buɗe asusu da adireshin ƙarya na wata ƙasa. Ranar da suka nemi takardar shaida, kuɗin da shagon duka sun tafi.

Ka yi hattara da masu sayar da kwas na "miliyan a wata". Lura da kyau, kayan dijital ɗin da suke sayarwa shi ne kwas ɗin, kai ne kasuwar.

In mutum ɗaya ya saya ya tura wa guruf gaba ɗaya fa?

Zai faru, ka sa a ranka. Littafin baƙaƙen da na yi na yara, na sayar wa wata malama ranar Litinin, ranar Laraba wata gwaggota ta turo mini shi tana cewa in duba wannan abu mai kyau da ake rabawa, ko zan koyi irinsa. Na yi fushi kwana ɗaya, sannan na duba na ga ko lambata babu a jikinsa. Laifina ne.

Yawancin masu turawa ba ɓarayi ba ne a ransu, gani suke taimako suka yi. Don haka na canza dabara. Kowane shafi yana da sunana da lambata a ƙasa, in ya yi yawo ya zama talla. PDF mai tsada ina rubuta sunan mai saye a jikinsa, mutum yana jin nauyin a ga sunansa yana yawo. Ina kuma rubuta sharaɗi da Hausa mai sauƙi: na shagonka ne kai ɗaya, ka buga yadda kake so, kada ka tura, kada ka sayar. Makaranta ko shagon buga takardu da za su yi ta amfani da shi, farashinsu daban.

Abin da ya fi duka shi ne ka sayar da abin da turawa ba ta kashe shi. Katin da ke da sunan wani ango ba ya amfanar kowa. Tambarin mai kilishi da lambar wayarsa, wa zai sata? Sitika kuwa, wadda fakitinta ke ɗaukar 3 zuwa 30 a fiksel 512 da 512, an halicce ta ne don a tura. Ita kam kada ka sa ran kuɗi a kanta, yi ta kyauta da ɗan sunanka a gefe.

A ina zan yi talla?

Sitatus na WhatsApp ya fi kawo mini ciniki, sai Facebook, sai TikTok in ka nuna yadda ake canza suna cikin daƙiƙa talatin. Nuna kayan a inda za su zauna: tambari a jikin kwalba, kati a hannun mutum. Ka haɗa da murya, don da yawa daga masu kuɗin ba sa karanta boko.

Ni mace ce, ba na fita sosai. Sana'ar za ta yiwu daga ɗaki?

Ƙanwata, ke kika fi mu kasuwa. Masu lalle, masu turaren wuta da humra, masu cincin da dubulan, masu kayan ɗaki, duk mata ne, kuma sun fi sakin jiki da mace. Kin san abin da ake rubutawa a katin kamu da na walima ba sai kin tambaya ba. Ki ware layi na sana'a daban, ki saka WhatsApp Business ki jera kayanki da farashi a katalog, ki sa lokacin amsa saƙo. Gwajin bugu ki aiki ƙanenki, amma ki ce ya kawo miki takardar ki gani da idonki, kada ya ɗauko ta a hoto.

Basirar na'ura, wato AI, ba za ta kashe sana'ar ba?

Tana saurin yin bango da ado, ina amfani da ita a nan. Amma ce mata ta zana fadar Sarkin Damagaram, sai ta kawo maka wani gini na ƙasar Larabawa, ta rubuta Hausa kuma a karkace. Rubutu dai da hannunka za ka sa shi.

Ƴan uwa suna cewa in yi musu kyauta. Yaya zan yi?

Wannan ba ta da magani, sai dabara. Inna da Baba da wanda ya saya maka wayar, ba a magana. Sauran kuwa na ware samfuri biyu na dangi, masu kyau amma ba na musamman ba, duk wanda ya ce "ɗan yi mini" a cikinsu zai zaɓa, kuma lambata tana ƙasa ba a cirewa. Wanda ya ce yana son irin na sitatus, mai ruwan zinariya, sai in tura masa takardar farashin nan da kowa ke gani, in ce Kawu an rage maka sefa 500. Wani ya biya, wani ya ce zai kira bayan la'asar.